Yadda Muka Haɗa Kwamfutar Gem Da Kuɗin Adashe A Kakuri

Mu huɗu ne, kuma a layi ɗaya muka tashi a Kakuri, bayan tsofaffin masaƙun nan da suka daɗe da yin shiru. Uku maza, ɗaya mace. Biyu daga cikinmu wa da ƙanwa ne, sauran biyun maƙwabta. A gida biyu Sallah ake yi, a gida ɗaya Kirsimeti, shi ya sa tun muna ƙanana sau uku muke cin shinkafar biki a shekara. Mun yarda a rubuta wannan labari da bakin "mu", domin abin kirkin da aka yi tare muka yi shi, wautar da aka tafka kuma babu mai son a ce shi kaɗai ya tafka ta.

A tsakaninmu kowa da sunan da muke kiransa. Akwai Injiniya, saboda yana koyon gyaran waya a wani shago bayan an tashi daga makaranta. Akwai Kyaftin, wanda ba a cin sa a gem ɗin ƙwallo. Akwai Mai Tattabaru, sunansa ya faɗi sana'arsa. Sai ƙanwar Injiniya, wadda muke kira Ma'aji, tana aji ɗaya ƙasa da mu amma ta fi mu lissafi nesa ba kusa ba.

A dogon hutun 2023, bayan mu mazan mun gama jarrabawar aji uku na ƙaramar sakandare, kusan kullum muna gidan gem. Wata rana Ma'aji ta ɗauko takarda ta tambayi kowa nawa yake kashewa a mako. Da ta tara, sai ga shi kowannenmu yana zubar da wajen Naira dubu ɗaya. Ta ce, "Yaya, a shekara ɗaya kuɗin nan sun isa ku sayi naku. Ni ma ina son in buga, amma wa zai bar ni in shiga gidan gem?"

Da farko PlayStation muka so. Amma mun san babu mahaifin da zai yarda a shigo masa da abin da ba ya komai sai wasa. Kwamfuta kuwa tana da hujja: tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, kuma a cikinmu babu wanda ya taɓa zama gaban kibod na minti talatin a jere. Da wannan hujjar muka je wa iyayenmu. Ba ƙarya muka yi ba, amma gaskiyar ba ita ke nan duka ba, kuma sun sani.

Muna tarawa, kuɗi na gudu

Muka kafa adashe: kowa Naira 1,000 duk Asabar, a hannun Ma'aji, ita kuma ta damƙa wa mahaifiyarsu. Injiniya yana kawo nasa daga ɗan abin da Ogansa yake ba shi, Kyaftin daga wankin mota, Mai Tattabaru daga 'yan shila, Ma'aji daga zoɓon da take ƙullawa ana sayar mata a shagon gidansu.

Abin da ba mu sa a lissafi ba shi ne Dala. A watan Yunin 2023 aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da take wajen Naira 460 a farashin gwamnati ta haura 700 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 kuma ta wuce 1,500. Kayan kwamfuta daga waje ake shigo da su, sabo ne ko na hannu. Duk lokacin da Injiniya ya tambayo farashi sai ya dawo fuska a murtuke. Muna tarawa, abin da muke tarawa dominsa yana ƙara nisa.

Zuwa ƙarshen Yulin 2024 adashe ya kai Naira 188,000, domin akwai makonnin da wani ya gaza. Muka haɗa da barka da Sallah, da kuɗin Kirsimeti, da na tattabaru shida da mai su ya sayar yana kamar zai yi kuka, suka ba da 52,000. Jimilla Naira 240,000. Ba mu taɓa ganin kuɗi masu yawan haka a wuri ɗaya ba.

Abin da ke cikin akwatin

A shekarar da muka yi muna jira mun yi karatu, da wayar Injiniya da datar dare. Ga abin da muka gane, a taƙaice.

Furosesa ita ce mai lissafi, ita take yanke abin da zai faru a cikin gem. Katin hoto, wanda 'yan kasuwa suke ce wa girafik kad, shi yake zana abin da ido yake gani, sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Idan ya zana hoto 60 a daƙiƙa sai wasa ya tafi sumul, idan ya faɗo ƙasa da 30 sai ka ga ɗan wasa yana tafiya kamar mai ɗingishi. RAM kamar teburin aiki ne: in ya yi ƙanƙanta sai an riƙa kwashe wani abu kafin a ɗora wani. Ma'ajiya ita ce inda komai yake kwana, kuma iri biyu ce: tsohon hadis mai faifai yana juyawa, da SSD da babu abin da yake motsi a cikinta, wadda ta ninka hadis sauri sau da dama. Madabod shi ne babban farantin da ake dasa kowa a kansa. Sai fawa-fak, mai karɓar wutar gida ya rarraba wa kowa daidai buƙatarsa.

Darasi na biyu shi ne ba kowane kaya yake shiga kowane gurbi ba. Furosesar AMD ba ta zama a gurbin Intel. Ko a Intel ɗin ma kowane zubi da gurbinsa. RAM mai suna DDR3 ba ya shiga ramin DDR4, domin tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba. Wanda ya sayi kaya ɗaiɗai bai duba wannan ba, zai tara kaya masu kyau da ba sa ga-maciji da juna.

Hanya biyu muka gani a gabanmu. Ta farko, mu sayi komai sabo: furosesa irin Ryzen 5 5600G da AMD ya fitar a 2021, mai ɗauke da nata ɓangaren hoto a ciki, da madabod mai gurbin AM4, da RAM, da fawa-fak, da akwati. Wannan ita ce hanya mai gaba, domin ana iya ƙara mata kaya daga baya. Amma da Ma'aji ta tara farashin, kuɗinmu sun ƙare tun ba a zo kan monita ba.

Ta biyu, mu sayi tsohuwar kwamfutar ofis, irin waɗanda kamfanonin Turai da Amurka suke sallama bayan 'yan shekaru a kwaso su zuwa nan, sannan mu dasa mata katin hoto. Nan aljihunmu ya kai. Daidai ruwa daidai tsaki.

Lissafin Baba

Mahaifin su Injiniya, wanda dukkanmu muke kira Baba, ma'aikacin lantarki ne a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri kafin a rufe ta. Yakan ba mu labarin yadda masaƙar farko ta buɗe a 1957, da yadda titi yake cika maƙil da kekuna idan an tashi daga aiki. Yanzu gyaran fanka da firji yake yi a ƙofar gida. Bai taɓa buga gem ba, amma shi ya yi mana tambayar da ta fi kowace amfani.

Kyaftin ya nace sai RX 580, katin AMD na 2017 mai gigabait 8. A lokacin yana da yawa a kasuwa, domin masu haƙar kuɗin intanet sun yi ta sayar da nasu tun da Ethereum ya daina amfani da haƙa a watan Satumban 2022. Baba ya saurare mu ya ce, "Wat nawa yake ci?" Muka yi tsuru-tsuru. Da muka duba, 185 ne, kuma yana buƙatar wayar wuta tasa daban. Fawa-fak ɗin kwamfutar da muke hari kuwa wat 290 ne kacal, ba shi da irin wannan wayar, kuma bakin da yake shiga madabod na kamfanin ne, ba a musanya shi kai-tsaye da na kasuwa.

Baba ya ce, "Ku rubuta." Furosesa Core i5-4590 wat 84. Katin GTX 1050 Ti na Nvidia, wanda ya fito a 2016, wat 75, kuma daga ramin madabod yake shan wutarsa. Sauran tarkace a ba su 40. Jimilla wajen 200. Kamfanin katin ya ba da shawarar fawa-fak mai wat 300, namu ya gaza da goma, amma Baba ya ce tazarar da ke tsakanin 200 da 290 ta isa, muddin ba mu ƙara wani kaya mai ci ba. "Jaki ma in ka yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa, a hanya zai kwanta," in ji shi. Kyaftin ya haƙura, ba don ransa ya so ba.

Ranar da muka ƙetare kogi

Wata Asabar a farkon Agusta muka hau bas, muka haye gadar Kogin Kaduna, muka wuce shataletalen Sitadiyam zuwa shagunan kayan kwamfuta da ke kewayen titin Ahmadu Bello. Kuɗin suna cikin safa a ƙafar Injiniya. Shago biyar muka shiga kafin mu sayi ko allura.

Abu na farko da muka kiyaye shi ne girman akwati. Irin waɗannan kwamfutocin ofis suna zuwa da siriri da kuma babba. Siririn ya fi araha, amma katin hoto mai cikakken tsayi ba ya shiga cikinsa, wutarsa ma ta fi ƙanƙanta. Muka zaɓi babban, Dell OptiPlex 7020, mai i5-4590 da RAM gigabait 8 da hadis gigabait 500.

Injiniya ya ce wa mai shagon, "Oga, don Allah a buɗe mu gani, kuma a kunna." Mutumin ya kalle mu ya yi dariya, amma ya buɗe. Muka duba ko akwai tsatsa ko alamar ƙonewa, muka gwada kowane ramin USB, muka karanta sunan furosesar a kan allo da idonmu. Muka sa manhajar CrystalDiskInfo da muka zo da ita a filash, ta nuna lafiyar hadis ɗin da yawan sa'o'in da ya yi yana aiki. Muka bar ta a kunne kusan rabin awa. Sannan aka yi ciniki, aka rubuta mana rasit da garantin mako biyu.

Ga yadda kuɗin suka tafi: kwamfuta 85,000, SSD mai gigabait 256, sabuwa, 24,000, ƙarin RAM gigabait 8 irin na ciki 10,000, domin sanda biyu masu aiki tare sun fi ɗaya sauri, monita ta hannu mai inci 22, 35,000, kibod da linzami 6,000, fad biyu 12,000. Jimilla 172,000. Saura 68,000.

Sai muka tambayi katin hoto. GTX 1050 Ti na hannu, mai kyau, Naira 95,000, ba ragi. Muka dawo gida da kwamfutar gem da ba ta da abin da yake mayar da ita ta gem. Giɓin 27,000 ne, wato adashen mako bakwai.

Araha ba ta ado

Mako bakwai ba wani abu ba ne ga wanda ya jira shekara. Amma kwamfuta tana falon Baba tana kallonmu, hutu kuma yana ƙarewa. Kwana uku bayan nan Kyaftin ya zo da gudu da waya a hannu. Wani mai talla a shafin sada zumunta yana da GTX 1050 Ti, sabo dal a kwalinsa, Naira 45,000, za a aiko ta mota.

Ma'aji ta ce, "Na hannu 95, sabo 45? Yaya aka yi sabo ya fi tsoho araha?" Muka ce mata ƙila kwantai ya yi masa, ƙila kuɗi yake nema da gaggawa. Duk wata hujja da mai son abu yake ƙirƙira wa kansa mun kawo ta. Ta ce a tambayi Baba. Muka ƙi, domin mun san abin da zai ce. Aka kaɗa ƙuri'a, uku da ɗaya. Ta karɓo kuɗin wajen Mama ta miƙa, ta rubuta a littafinta, ta ja layi biyu a ƙarƙashi.

Katin ya iso bayan kwana biyu. Muka dasa shi, allo ya kawo, kwamfuta ta rubuta sunansa daidai: GTX 1050 Ti, gigabait 4. Muka yi ihu har Mama ta leƙo. Amma sabon direban Nvidia ya ƙi hawa, sai wanda ya zo a faifai cikin kwalin. Muka kunna gem, minti kaɗan allo ya cika da layuka masu launi, sai ya fita da kansa. Muka sake, ya sake. Har dare.

Washegari Injiniya ya sa wata manhaja kyauta mai suna GPU-Z, wadda take karanta ainihin abin da ke cikin kati. A gaban sunan ta rubuta kalmar Turanci mai nufin jabu. A inda ya kamata a ga ƙananan injinan lissafi 768, sai ga 192. Ashe tsohon kati ne na 2010 mai suna GTS 450, aka sauya bayanan da ke cikinsa domin ya riƙa faɗin sunan da ba nasa ba. Gigabait 4 ɗin ma na baki ne. Da zarar gem ya nemi wuri fiye da ɗan abin da katin yake da shi da gaske, sai komai ya rushe. Kuma alamar tana nan a fili tun a hoton tallar: katin yana da bakin VGA, mai ramuka 15 ɗin nan na tsofaffin monitoci, alhali ainihin GTX 1050 Ti ba ya zuwa da shi. Mun karanta wannan a baya. Zumuɗi ne ya rufe mana ido.

Muka kira lambar mai tallar. A kashe. Shafin ma ya ɓace.

Abin da ya kusa raba mu

Naira 45,000 adashen mutum ɗaya ne na mako 45. Mai Tattabaru ya ce tattabarunsa shida sun tafi a banza. Injiniya ya ce Kyaftin ne ya kawo tallar. Kyaftin ya ce ai Injiniya ne masani, me ya hana shi ganin bakin VGA? Aka yi kwana huɗu ba mai shiga gidan wani. A layinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, har iyayenmu mata suka fara tambaya.

Da muka sake zama, sai wani daga cikinmu, ba za mu faɗi ko wane ne ba, ya kawo shawara. Katin yana kawo hoto, yana kuma rubuta sunan da ake so. Akwai wani yaro a Barnawa da yake neman irinsa. A sayar masa 40,000, asararmu ta koma dubu biyar. Maganar gaskiya, mu ukun nan mun yi shiru muna auna abin, kuma ya yi mana daɗi a kunne.

Ma'aji ta rufe littafinta ta ce, "In kun sayar masa, ku ba ni kasona in fita. Jiya kuna tsine wa wanda ya cuce ku, yau kuna neman kujerarsa." Babu wanda ya amsa. A daren muka je muka faɗa wa Baba komai, har da ƙuri'ar da muka kaɗa don kada a tambaye shi. Mun zaci zai yi faɗa. Ya juya katin a hannunsa ya ce, "Kun biya kuɗin makaranta ke nan. Ku ajiye shi inda za ku riƙa ganinsa." Ya buga ƙusa a bango saman teburin ya rataye shi. Yana nan har yau.

Mako goma sha shida

Saura 23,000 a hannu, ana neman 72,000. Muka koma adashe. A wannan tsakanin kwamfutar tana aiki da ɗan ɓangaren hoton da ke cikin furosesa, wanda ba ya ɗaukar manyan gem. Tun da babu abin bugawa sosai, sai muka koma koyon buga rubutu da gwajin tambayoyin JAMB na shekarun baya. Ma'aji ta riga kowa iya rubutu ba tare da kallon kibod ba. Ta fara buga wa maƙwabta takardun neman aiki da na taron biki, a kai shago a fitar, ta tara 8,000 ta zuba a asusu. Da wannan jiran ya ragu daga mako 18 zuwa 16.

A farkon Disamban 2024 muka koma shagon da muka sayi kwamfutar, wannan karon ɗauke da ita a cikin buhu. Muka ce a dasa katin a cikin tamu, a gabanmu. Muka duba bayansa, babu VGA. GPU-Z ta nuna 768. Sabon direba ya hau lafiya. Muka sa gem ya yi minti ashirin muna kallon zafin katin da jin ƙarar fankarsa. Sai a lokacin Ma'aji ta ƙirga kuɗin. Mai shagon ya ce, "Ku kam wani ya taɓa cin ku." Muka ce ƙwarai.

A daren muka buga eFootball, gem ɗin ƙwallon Konami da ake saukewa kyauta, da Rocket League, wanda shi ma kyauta ne tun 2020. Wasan farko da Ma'aji ta buga a rayuwarta Kyaftin ya ci ta bakwai da nema. Bayan wata uku ita ta fara cin sa a gaban shaidu.

Abin da ba ta iyawa, da abin da take ci

Kada mu yi muku daɗin baki. Kwamfutarmu tsohuwa ce. EA Sports FC 24 da muka yi ta mafarki yana neman aƙalla furosesa i5-6600K da wurin ajiya gigabait 100. Katinmu ya kai, furosesarmu ba ta kai ba. Haka kuma Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'ida daga zubi na takwas na furosesar Intel yake farawa, tamu zubi na huɗu ce. Wanda zai sayi tsohuwar kwamfutar ofis yau, in da hali ya nemi zubi na takwas ko sama, ya kuma duba ƙarfin fawa-fak ɗinta kafin ya biya.

Sannan sayen kwamfuta ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba. Da monita tana cin wajen rubu'in kilowat idan ana gem, wato awa huɗu yunit ɗaya a mita. Baba ya ce wannan ma a sa a adashe, kuma ana sawa. Ya gyara wata tsohuwar sitabilaiza ya ba mu, ya kafa doka: in an ɗauke wuta a zare soket, in an dawo da ita a jira ta daidaita kafin a kunna. Lokacin hunturu duk wata muke buɗe akwatin mu kaɗe ƙura da busasshen buroshi, kuma sai mun taɓa ƙarfen akwatin kafin mu taɓa kayan ciki, saboda ɗan tartsatsin da jiki yake tarawa a busasshiyar iska yana iya kashe su. A zafin Maris da Afrilu ba ma kunna ta da tsakar rana. Gem ɗin sata da ake yawo da su a filash kuwa mun daina karɓa, tun ranar da wani ya shigo mana da bairos muka kwana muna sake loda komai.

Akwai dokar da ta fi duka zafi. Kwamfuta a falo take, gem sai Asabar da Lahadi bayan an taso daga coci da Islamiyya, kuma duk wanda sakamakonsa ya faɗi ba shi ba fad sai zango na gaba. Ɗayanmu ya faɗa wannan ramin a zango na biyu na SS2. Wata uku yana zaune yana kallon wasu suna bugawa. Bai sake ba.

'Yan uwa ɗalibai, in kuna da irin wannan buri, ku fara da rubuta gem ɗin da kuke so da abin da yake nema, sannan ku nemi kayan da suka dace da shi da aljihunku. Ku ware kuɗin katin hoto tun farko, domin da mun ɗaga sayen monita mun lallaɓa da talabijin ɗin falo, da kuɗinmu sun isa katin gaske a ranar farko. Kada ku biya kuɗin abin da ba a kunna a gabanku ba. Kuma in a cikinku akwai mai yawan tambayar da take ɓata muku rai, a ba shi riƙon kuɗin.

Yanzu mu ukun muna SS3, JAMB tana tafe, linzami da kibod kuma sun daina ba mu tsoro. Kwanan baya Mai Tattabaru ya tambaya, idan Allah Ya sa muka samu makaranta muka watse, wa zai riƙe kwamfutar? Aka sake kaɗa ƙuri'a. Ma'aji ba ta sa hannu ba, ta ce ba a zama alƙali a shari'ar kai. Uku da babu, aka bar mata, da sharaɗin duk wanda ya dawo hutu yana da wasa biyu kafin ta karɓi fad.